Waiwaye: Yadda ofishin karɓar ƙorafi ya koma garkuwar kamfani

Duk lokacin da wata badaƙala ta fashe a wurin aiki, ta kuɗi ce ko ta neman lalata da na ƙasa, tambayar da ake yi ɗaya ce: me ya hana a kai ƙara tun da wuri? Shugabanni su ce ai akwai lambar waya, akwai akwatin ƙorafi, akwai takardar ƙa'ida da kowa ya sa wa hannu. Ma'aikata kuma su ce sun san da su, sun kuma ga abin da ya sami wanda ya yi amfani da su. Wannan taƙaddama ta girmi gangamin MeToo na 2017, wanda mata suka yi ta fallasa masu neman lalata da su, nesa ba kusa ba.

Tun 1863 Amurka ta yi dokar da ke bai wa wanda ya fallasa masu damfarar gwamnati wani kaso daga kuɗin da aka ƙwato. A 1986 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince cewa matsa wa mutum da maganar lalata har aiki ya gagare shi wariya ce da doka ta hana. Kotun Ƙolin Indiya ta shimfiɗa nata ƙa'idojin a 1997, Birtaniya ta yi dokar kare masu kwarmata bayanai a 1998. Waɗannan ana yawan ambaton su.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ranar 26 ga Yunin 1998, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci biyu a rana ɗaya. Ta ce idan shugaba ya takura wa na ƙasa da shi, amma abin bai kai ga kora ko rage muƙami ko makamancin haka ba, kamfani zai iya kuɓuta daga biyan diyya in ya tabbatar da abu biyu: cewa ya ɗauki matakin da ya dace don hana abin da gyara shi cikin gaggawa, kuma mai ƙara ta ƙi bin hanyar da aka tanada ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Dama tun 1991 ƙa'idojin yanke hukunci na ƙasar sun tanadi sassaucin tara ga kamfanin da ke da tsarin sa ido na cikin gida, ciki har da hanyar kai rahoto.

Manufar mai kyau ce, a kashe wuta tun tana ƙarama. Amma sai a duba abin da ya fi sauƙin nunawa a gaban alƙali. Takardar ƙa'ida tana da kwanan wata. Rajistar waɗanda suka halarci bita tana da sa hannu. Tsoron da ke hana ma'aikaciya buɗe baki kuwa ba shi da takarda. Daga nan wurare da yawa suka fara gina hanyar ƙorafi da tunanin ranar shari'a, kuma manyan kamfanoni suka ɗauki wannan samfuri zuwa rassansu a faɗin duniya. Sharaɗi na biyun ma ya juya tambayar kan wadda aka zalunta: in ta yi wata biyar tana juya abin a zuci kafin ta yi magana, jinkirin nan ya zama hujja a kanta.

A aikace ga inda tsarin ke karyewa. Ƙa'idar ta ce a fara kai ƙorafi wurin shugaban sashe, alhali sau da yawa shi ake ƙara, an bai wa kura ajiyar nama ke nan. An yi alkawarin sakaya suna, amma a sashe mai mutum shida, wanda ya ce ya ga takardar biyan kuɗin bogi ranar Talata ya riga ya bayyana kansa. Mai binciken yana ƙarƙashin wanda ake zargi, ko kuma ƙarin girmansa na hannunsa. A lamarin almundahana, a kan kira wanda ake zargi kafin a killace saƙonnin imel da bayanan kwamfuta, kafin a waiwayo an goge su. A lamarin lalata kuwa, mai ƙorafin ake yi wa canjin wurin aiki da sunan kare ta, sai abokan aiki su fahimci wa aka hukunta. Ƙarshenta a biya kuɗi, a sa hannu kan yarjejeniyar rufe baki, wanda ya yi laifin ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Alƙaluma sun nuna girman asarar. Rahoton 2024 na ƙungiyar ƙwararrun masu binciken zamba ta ACFE ya ce kashi 43 cikin 100 na almundahanar da aka gano ta hanyar tsegumi aka gano ta, kuma fiye da rabin tsegumin daga ma'aikata ya fito. Wani kwamitin hukumar EEOC mai yaƙi da wariya a wurin aiki a Amurka ya ba da rahoto a 2016 cewa kusan mutum uku cikin huɗu da aka ci zarafinsu a wurin aiki ba su taɓa gaya wa wani shugaba ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ba.

Dokokin baya-bayan nan sun fara toshe waɗannan ɓarakoki ɗaya bayan ɗaya. Dokar Amurka ta 2002 ta ɗora wa kwamitin binciken kuɗi na duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari, wanda ba ya ƙarƙashin manajoji, nauyin buɗe hanyar karɓar rahoto a asirce. Dokar Indiya ta 2013 ta wajabta kwamitin cikin gida na karɓar ƙorafin neman lalata a duk wurin da ke da ma'aikata 10 ko fiye, mace ta shugabance shi, a saka mutum ɗaya daga waje, a gama bincike cikin kwana 90. Tarayyar Turai a 2019 ta ce kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya sanar da mai rahoto an karɓa cikin kwana 7, ya ba shi bayani cikin wata 3, kuma in aka taɓa shi bayan ya yi magana, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba ramuwa ba ce. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki.

Sai dai bi-ta-da-ƙulli ba ya zuwa a makon farko. Bayan wata shida ko shekara yake bayyana, a rahoton ƙwazo da ya faɗi ba dalili, a cire suna daga taruka, a ƙin sabunta kwantiragi. Wurare kaɗan ne ke sa wani na daban ya sake duba fayil ɗin mai ƙorafi a waɗannan lokutan, kuma har yanzu yawancin ƙa'idojin cikin gida suna rufe magana ne ranar da aka miƙa rahoton bincike.