Kwana uku ka yafe, ba rahoton ƙimar gidan ba

Wani saƙon murya na yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Amurka, wai duk wanda ya sa hannu a takardar yafewa wajen neman rancen sayen gida ya zubar da haƙƙinsa na ganin kuɗin da aka ƙiyasta wa gidan. Wani ƙanena ya kira ni da tsakar dare hankalinsa a tashe, ya riga ya sa hannu. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Dokar ECOA ta 1974 ce tushe, wadda ta hana nuna wariya wajen ba da rance. Hukumar CFPB, mai kare haƙƙin jama'a a mu'amalarsu da bankuna da masu ba da rance a Amurka, ta ɗora mata ƙa'idar da ta fara aiki ranar 18 ga Janairun 2014. Ta shafi duk rancen da aka jinginar da gidan zama a kansa a jingina ta farko, wato rancen da ake fara biya idan aka sayar da gidan. Dole banki ya ba ka kwafin rahoton ƙima da zarar an gama shi, ko ranakun aiki uku kafin ranar kammala ciniki, duk wanda ya riga zuwa. Kwafin kyauta ne, ko da yake ladan mai ƙiyasin yana iya faɗawa kanka.

To me ake yafewa? Jiran nan na kwana uku kawai. Rahoton kansa ba ya yafuwa. Sai an damƙa maka shi ranar sa hannu ko kafin nan. Idan cinikin ya wargaje, banki na da kwana 30 ya aiko maka. Ko an hana ka rancen, ko kai ka janye, rahoton naka ne.

Ga inda ma'aikatan banki kansu ke tuntuɓe. Ita ma yafewar sai an karɓe ta ranakun aiki uku kafin kammalawa. Ba a miƙo maka ita ranar sa hannu a ce ta wanke baya, sai fa in ɗan gyaran rubutu aka yi wa rahoton da ka riga ka karɓa a kan lokaci. A rancen da doka ta ware a matsayin mai tsadar ruwa kuwa, babu yafewa sam. Kada kuma a haɗa wannan da sassaucin da Fannie Mae, kamfanin da ke sayen rancen gidaje daga hannun bankuna, ke yi na barin aikin ƙiyasin gaba ɗaya. Jita-jitar nan cakuɗa su ta yi.

Wanda aka saɓa masa yana iya kai ƙara ya nemi diyyar asararsa, da tarar da ba ta wuce dala 10,000 ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar ta yarda a yafe ko da baki. Mutum na gaggawa, wa'adin hayarsa ya ƙare, kayansa a ɗaure, sai ya ce "na yarda" a waya. Ranar sa hannu a ajiye masa rahoto mai shafuka da yawa cikin tarin takardu. Yaushe zai lura an ƙirga ɗakuna uku maimakon huɗu? Ga kuma kukan da baƙaƙen fata suka daɗe suna yi cewa ana karya darajar gidajensu. Na ce wa ƙanen nawa ya aika wa bankin imel da safe, ya nemi rahoton ranar da ya fito.