Daidaita ma'aunin bayanan aikin ƙwayoyin gado kafin zana taswirar zafi

Daidaita ma'auni wani mataki ne da masu binciken halittu ke bi kafin su maida alƙaluman aikin ƙwayoyin gado zuwa hoto mai launuka da ake kira taswirar zafi, wasu kuma su ce hitmaf. Taswirar dai tebur ne, kowane layi na kwance ƙwayar gado ce guda ɗaya, kowane layi na tsaye samfur ne, misali jinin mutum ɗaya ko tsokar bera ɗaya, sai a cire lambar da ke cikin kowane gida a sa launi a madadinta. Matsalar ita ce lambobin ba tsara ɗaya ba ne. A samfurin hanta ƙwayar ALB mai yin sinadarin albumin injin da ke ƙirga aikin ƙwayoyi na iya karanta ta sau dubun dubata, wata ƙwayar kuma da ƙyar ta kai ashirin, toh idan aka zuba su haka a kan launi ɗaya ALB ce kawai za ta haska, sauran duk su dushe su koma kala ɗaya kamar ba abin da ke faruwa a cikinsu alhali kuwa a nan labarin yake.

Asali

Zana tebur da inuwar launi tsohon abu ne, tun 1873 Toussaint Loua ya yi haka da ƙididdigar unguwannin birnin Faris. Amma a fannin halittu abin ya samu gindin zama ne a 1998 lokacin da Michael Eisen da Paul Spellman da Patrick Brown da David Botstein na jami'ar Stanford a Amurka suka wallafa aikinsu kan ƙwayoyin gadon yisti a mujallar kimiyya ta PNAS. Su alƙalumansu tun farko rabo ne, wato samfur a kan abin kwatance, sai suka ɗauki logarizim ɗinsa, ja ya zama ƙaruwa, kore raguwa, baƙi kuma ba canji. Kenan sifili yana da ma'ana a hotonsu. Da aka koma RNA-seq, hanyar da inji ke ƙirga sau nawa ya karanta saƙon kowace ƙwayar gado, sai ya zama ƙirge tsura ake samu, babu abin kwatance a ciki, shi ya sa dole mai bincike ya ƙirƙiro tsakiya da kansa.

Yadda ake yi

Kafin komai sai an gyara bambancin zurfin karatu, don wani samfur injin ya karanta shi sau miliyan 20 wani miliyan 40, wannan aikin daban ne kuma manhajoji irin su DESeq2 da edgeR ke yinsa. Bayan nan sai logarizim mai tushe 2, yawanci ana ƙara 1 ko wata ƴar lamba tukuna saboda sifili ba shi da logarizim. Amfaninsa shi ne ninki biyu ya zama taki ɗaya ko daga 10 zuwa 20 ne ko daga 1000 zuwa 2000. DESeq2 na da umarnin vst da rlog da ke yin kusan wannan aikin tare da kwantar da hayaniyar ƙwayoyin da ƙirgensu kaɗan ne.

Sai mataki na ƙarshe wanda shi ne ainihin daidaitawar, makin z. A kowane layi na kwance ana fitar da matsakaici, a debe shi daga kowace lamba, a raba abin da ya rage da ma'aunin warwatsuwar layin, wato yadda lambobinsa suka yi nisa da matsakaicin. Kowane layi sai ya koma matsakaicinsa 0 warwatsuwarsa 1. Wasu suna tsayawa a debe matsakaicin kawai ba sa rabawa, ni a ganina wannan hanyar ba a ba ta haƙƙinta, domin tana barin girman canjin a bayyane.

Abin da makin z ke ɓoyewa

Ɗauki ƙwayoyi biyu a samfur uku. Ta farko 1000, 1010, 1020. Ta biyu 10, 110, 210. Ta farko matsakaicinta 1010 warwatsuwarta 10, ta biyu matsakaicinta 110 warwatsuwarta 100, idan ka yi lissafin dukkansu za su fito -1, 0, 1. A hoto layukan biyu iri ɗaya ne sak, shuɗi na ƙasa da matsakaici, fari na tsakiya, ja na sama, alhali ta farko kashi 2 cikin ɗari kawai ta motsa, ta biyu kuwa ta ninka sau 21. Wannan shi ne abin da ya fi damuna da yadda ake karanta hotunan nan, mutum ya ga ja a layin sama da ja a layin ƙasa sai ya ce ai ƙwayoyin biyu suna aiki sosai, a'a, jan nan abin da yake faɗa kawai shi ne a wannan samfurin ƙwayar ta haura matsakaicin kanta. Ana kwatanta launi daga hagu zuwa dama a cikin layi ɗaya, daga sama zuwa ƙasa kuwa ba ya halatta.

Haka ma matsakaicin ya dogara da samfuran da aka sa a teburin, ka cire samfur biyu ko ka ƙara rukuni ɗaya sai launukan sauran duk su sauya duk da ba a taɓa bayanansu ba. Kuma idan samfur kaɗan ne makin yana da iyaka, da samfur uku ba zai wuce kusan 1.15 ba komai girman bambancin, da samfur shida kusan 2.04. Ƙwayar da lambobinta duk ɗaya ne kuwa warwatsuwarta sifili ce, ba a raba abu da sifili, sai manhajar ta ba da NaN, alamar ba lamba ba ce, ta ƙi haɗa rukuni, wato jera layuka masu kama da juna kusa da juna, don haka ake tace irin waɗannan tun farko.

A cikin manhajoji

Nan ma akwai inda ake tuntuɓe sosai. A harshen kwamfuta na R, umarnin scale layukan tsaye yake daidaitawa, don haka sai an juya teburin da umarnin t, a daidaita, a sake juyo shi, wanda ya manta da juyin nan samfura ya daidaita maimakon ƙwayoyi kuma hoton zai fito lafiya lau ba wani gargaɗi. Umarnin heatmap na asali yana daidaita layukan kwance da kansa ko ba ka ce ba, shi kuwa pheatmap da heatmap.2 sai ka umarce su, ComplexHeatmap na Zuguang Gu kuma ba ya taɓa maka lambobi, abin da ka ba shi shi zai zana. Wani bambancin da ba kowa ya sani ba, heatmap da heatmap.2 suna haɗa rukunin ne da lambobin asali sannan su daidaita don launi kawai, pheatmap kuwa yana daidaitawa tukuna sannan ya haɗa rukuni, shi ya sa bayanai ɗaya ke ba da bishiyoyi biyu mabambanta, wato zanen rassan da ke nuna rukunin a gefen taswirar. Idan an daidaita kafin haɗawa, tazarar Yukilid tsakanin layuka tana tafiya ne daidai da dangantakar Pearson, wato ƙwayoyin da ke hawa da sauka tare su ke zama maƙwabta ko da ɗaya ta fi ɗaya yawa nesa ba kusa ba.

Launi da yanke iyaka

Samfur ɗaya da ya yi fice zai iya janye duk launin, saboda haka ake yanke iyaka, a Seurat da ake amfani da shi wajen nazarin tantanin halitta ɗaya-ɗaya umarnin DoHeatmap yana tsayar da launi tsakanin -2.5 da 2.5. Launin da ya dace da makin z shi ne mai ɓangare biyu da fari ko baƙi daidai kan sifili. Ja da koren zamanin Eisen yanzu ana kauce musu a koma shuɗi da ja ko shuɗi da rawaya, saboda kusan kashi 8 cikin ɗari na maza ƴan asalin arewacin Turai ba sa bambance ja da kore. Kuma ya kamata a rubuta a jikin sandar da ke fassara launin ko makin z ne ko logarizim, da wurin da aka yanke iyaka.