'Yan Kasuwar Birnin Kano: Hanyoyin Ƙulla Hulɗa da Manufofin Tattalin Arziki da Suka Shafe Su

Idan aka ce 'yan kasuwar Kano, ana nufin al'umma mai faɗi da ta haɗa da attajirai masu shigo da kaya daga ƙetare, da masu masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da 'yan sari, da dillalai, da 'yan canji, har zuwa 'yan tebur da 'yan dako da ke samun abincinsu a gefen ciniki. Abokan cinikinsu ba a Najeriya kaɗai suke ba. Ana zuwa sari daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, da Chadi, da arewacin Kamaru, har da Afirka ta Tsakiya. Hulɗar wannan al'umma tsohuwa ce mai ƙarfi, an gina ta a kan amana da sanayya. Amma yawancin manufofin da ke yanke mata riba da asara, kamar farashin dala da kuɗin wuta da buɗe iyaka ko rufe ta, a Abuja ake tsara su, kuma muryar da take kaiwa can ba ɗaya ba ce.

Asali

Tarihi ya danganta kafa Kasuwar Kurmi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Daga Kurmi ayarin raƙuma ke tashi zuwa Agadas da Gadamus da Tarabulus, ayarin jakuna kuma ya nufi Gwanja ya ɗauko goro. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi rubutu mai tsawo a kan saƙa da rini da yadda tufafin birnin ke kaiwa ƙasashe masu nisa.

Fataucin goro ne ya fito da tsarin hulɗar da har yau burbushinsa yake nan. Madugu ne ke jagorantar ayari, shi ya san hanya da sarakunan da za a biya fito. A kowane zango akwai fatoma, wanda ke sauke baƙo a gidansa, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan fatauci, kuma zangunan Hausawa na Salaga da Kumasi a ƙasar Gana ta yau daga nan suka bunƙasa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai waɗannan fatake suka juya ga gyaɗa. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji da ya rasu a 1955, shi ne fitaccen misali: ya fara da goro, ya zama babban mai sayen gyaɗa, kuma yaransa da wakilansa da ke ƙauyuka su ne jarinsa na gaskiya. A wannan zamanin ne Kwarori, wato 'yan Lebanon da Siriya, suka kafa kantunansu a Fagge, inda Kantin Kwari yake a yau.

Inda hulɗa ke ƙulluwa

Kowace babbar kasuwa a Kano tana da abin da aka san ta da shi. Kantin Kwari ta atamfa da shadda da leshi da yadi ce. Singa ta kayan masarufi ce, shinkafa da sukari da taliya da mai. Dawanau, da ke kan hanyar Katsina, ta hatsi ce da kayan da ake fitarwa waje, irin su riɗi da zoɓo da citta da waken suya. Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, babu abin da babu. Ƙofar Wambai ta gwanjo da robobi, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da kayan mota, 'Yan Kaba ta kayan gwari, Farm Centre ta wayoyi, Wapa kuma ta 'yan canji. Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu ba ta hanyar takarda yake shiga ba, ta hannun mutum yake shiga.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta maigida da yaronsa. Uba ko kawu ya kai yaro wurin wani ɗan kasuwa da ya yarda da shi. Yaron ya fara da shara da buɗe shago da jera kaya, sannan a fara aikensa banki ko tasha. Bayan shekaru, idan an ga riƙon amanarsa, sai maigida ya sallame shi da jari, ko ya riƙa ba shi kaya yana sayarwa yana kawo kuɗi. Abin da yaron ya tafi da shi ya wuce dilolin atamfa. Ya tafi da lambobin 'yan sari na Maiduguri da Yola, ya san direban da ba ya taɓa kaya, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ce wa "Allah ya ba da haƙuri". Wannan ilmi babu makarantar da ke koyar da shi.

Mai son ganin yadda amana ke aiki ya tsaya a bakin wani shago a Kwari da hantsi. Waya za ta shigo daga Abeshe ta Chadi ko Garwa ta Kamaru. A gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan mai kiran ya faɗi dila nawa yake so. Mai shago ya ɗauki hoton sababbin zanen ya tura ta WhatsApp, a zaɓa, a ɗan yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Kafin azahar 'yan dako sun kai kayan tasha an rubuta sunan mai su a jikin buhu da alƙalami mai kauri. Kuɗin sai bayan mako biyu ko wata, wani lokaci ma ta hannun ɗan canji. Babu rubutacciyar yarjejeniya, babu lauya. Idan saɓani ya taso, gaban shugaban layi ko dattawan kasuwa ake zuwa kafin a yi maganar kotu, kuma hukuncin da ya fi kowanne ciwo shi ne a san mutum a matsayin wanda ba ya biyan bashi.

A Dawanau dillali ne ginshiƙi. Shi ke haɗa wanda ya kawo riɗi daga Jigawa da wakilin kamfanin da zai kai shi tashar ruwa ta Legas, ya zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba tsakuwa da danshi, ya karɓi la'adarsa daga baya. Sauran wuraren haɗuwa ba su da suna a takarda, amma suna da nauyi: sahun salla a masallacin kasuwa, ɗaurin aure ranar Asabar, zaman makoki, majalisar dare a ƙofar gida, da tafiyar Umara a watan azumi. Mata da dama kuma daga cikin gida suke kasuwanci. Da ta hannun 'yan talla da adashi suke yi, yanzu kuma Instagram da WhatsApp sun ba mai turaren wuta ko mai sarin atamfa damar samun ciniki a Abuja ba tare da ta taka kasuwa ba.

Raunin wannan tsari a fili yake. Wanda ba shi da maigida ko dangi a kasuwa yana shan wuya kafin a yarda da shi, kuma dukiyar da ba a rubuta ba takan watse idan mai ita ya rasu. Gobarar da ta ci babban sashe na kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna wani gefen: 'yan kasuwa ƙalilan ne ke da inshora, don haka gudummawar 'yan'uwa da abokan ciniki ce ta tayar da waɗanda suka tashi.

Ƙungiyoyi

Babbar inuwa a hukumance ita ce cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu da ma'adinai da noma ta Kano, KACCIMA, wadda take cikin ƙungiyar ƙasa ta NACCIMA. Ita ke shirya baje kolin ƙasa da ƙasa na Kano a filinta da ke titin Gidan Zoo, galibi a ƙarshen shekara, ita kuma ke karɓar tawagogin kasuwanci na ƙasashen waje. Masu masana'antu suna da rassan ƙungiyarsu ta MAN. Kowace kasuwa kuma tana da ƙungiyar 'yan kasuwarta, wadda ta fi kusa da ɗan tebur fiye da kowace cibiya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan rukunai babba ce: masu rubuta takardar koke ga ministoci ba su ne masu yawan jama'a ba, masu yawan jama'ar kuma sun fi saba da kai kuka fadar sarki ko gidan gwamnati idan abu ya riga ya faru.

Manufofin da suka fi shafar su

Wutar lantarki ce kukan farko na masu masana'antu. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa Naira 225 kan kowane awon wuta, fiye da ninki uku na da. Mai sarrafa roba ko fata ko shinkafa da ya dogara da janareta kuma dizal ne ke cinye ribarsa. Shi ya sa ake zuba ido kan bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

Sai canjin kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira aka bar kasuwa ta yanke mata daraja, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga ɗan Kwari da ke saro kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin ko Dubai, ma'anar wannan ita ce ya sayar da kaya da riba a takarda, amma kuɗin da ya tara ba za su sake cika kwantenar da ya saba ɗaukowa ba. Wanda ya ba da kaya bashi ya fi kowa jin jiki, domin kuɗin da aka dawo masa da su bayan wata biyu ba su ne waɗanda ya bayar ba. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota a kan kowane buhu. Kafin nan ma an sha wahalar sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a farkon 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace, cinikin hatsi da dabbobi a kasuwannin ƙauye ya kusa tsayawa.

Iyaka kuwa ga Kano jijiya ce. Gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. An buɗe ta Maigatari da ta Illela a Disambar 2020, ta Jibiya sai a 2022. Masu injinan casar shinkafa sun amfana, amma masu kai kaya Nijar sun yi asara. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 takunkumin ECOWAS ya sake rufe hanyar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Manyan motoci sun yi makonni a tsaye, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe a cikinsu.

Batun yadi ne ya fi nuna cewa 'yan kasuwar Kano ba bakinsu ɗaya ba. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun fara durƙushewa tun bayan SAP, shirin gyaran tattalin arziki na 1986, rashin wuta da kwararar kayan Sin suka ƙarasa yawancinsu. Mai masaƙa yana son a hana shigo da yadi ko a tsawwala masa kuɗin fito. Ɗan Kwari kuwa da kayan wajen yake ci, kuma mai saye arha yake nema. Gwamnati ta yi ta kai-komo: ta ɗage haramcin shigo da yadi a 2010, Babban Banki ya hana masu shigo da shi dalar gwamnati a 2019, sannan aka janye wannan hanin a Oktoban 2023. A tsakiya kuma ga 'yan Sin da suka zo da kansu suna sayarwa kai tsaye, abin da ya kai ga kama wasu daga cikinsu a Kwari a 2012. Marina na Ƙofar Mata da masu rinin shadda su ma suna kokawa da kayan da ake kwaikwayon zanensu a buga a waje.

Haraji da bashi su ma suna cikin koken. An ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, amma abin da ya fi damun ƙaramin ɗan kasuwa shi ne yawan masu karɓa: ƙaramar hukuma, jiha, hukumar kasuwa, da shingayen kan hanya. Bashin banki kuma tsada gare shi, musamman da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Da yawa ma ba tsadar ce ke hana su ba, gudun riba ne saboda addini, shi ya sa bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano, suka samu karɓuwa.

Masu fitar da kaya suna da nasu darasin. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, matsalar da daga rumbun ajiya take farawa. Nisa daga teku ma kuɗi ne. Don rage shi aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, domin a riƙa kammala takardun kwastam a Kano maimakon tashar ruwa ta Apapa da ke Legas. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kusan hanyar da ayarin fatake ke bi a da.