Ƙarfafa hoton fim da tururin nukiliya

Ƙarfafa hoto da tururin nukiliya dabara ce ta fito da abin da ya ɓoye a cikin fim ɗin da bai samu isasshen haske ba lokacin ɗauka. Irin wannan fim, ko an wanke shi, yakan fito dishi-dishi, domin azurfar da ta taru a kansa, wadda ita ce ke samar da surar, ba ta kai yadda ido zai gani ba. Surar tana nan, rauni ne ya yi mata yawa.

Tarihi

Tun a 1896 Henri Becquerel na Faransa ya lura cewa gishirin yuraniyom yana baƙanta farantin hoto ko da an naɗe shi cikin baƙar takarda. Daga nan aka san tururin nukiliya yana yi wa fim abin da haske yake yi masa. An gwada amfani da wannan wajen gyara raunanan hotuna ta hanyoyi daban-daban, amma wadda ta yi fice ita ce ta Barbara Askins, masaniyar kimiyyar sinadarai da aka haifa a jihar Tennesi ta Amurka a 1939. Wajen tsakiyar shekarun 1970 ta kama aiki a cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke birnin Huntsville, inda aka ɗora mata neman hanyar inganta hotunan taurari da na binciken ƙasa. A 1978 ta samu takardar mallakar wannan fasaha, aka kuma karrama ta a matsayin gwarzuwar masu ƙirƙira ta ƙasar.

Yadda ake yi

Ana jiƙa wankakken fim cikin ruwan sinadarin tiyoyuriya mai ɗauke da farar wuta nau'in 35, wadda ke fitar da wani irin tururin nukiliya da ake kira beta. Farar wutar tana haɗuwa da azurfar hoton, inda azurfa ta fi yawa nan ta fi taruwa. Sai a manna fim ɗin da sabon fim a cikin duhu, tururin ya zana surar a kan sabon. Gwargwadon daɗewarsu a manne, gwargwadon ƙarfin sabon hoton. Ƙarfin farar wutar yana raguwa da rabi duk bayan kwana 87 ko kusa da haka.

Aibin dabarar shi ne ba ta bambanta hoto da datti: hazon da ke jikin fim shi ma ƙaruwa yake yi.

Amfani

An gwada ta a hotunan eksire na asibiti, da fatan rage tururin da ake haska wa majinyaci, da kuma farfaɗo da tsofaffin hotuna. Zuwan kyamarar dijital ya sa ba kasafai ake amfani da ita ba yanzu.