Gyaran juji bayan an rufe shi

Gyaran juji bayan rufewa shi ne aikin da ake yi wa babban wurin zubar da shara bayan ya cika ko hukuma ta hana a ƙara zuba komai a cikinsa, wato a daidaita tarin, a lulluɓe shi da ƙasa, a samar wa iskar gas da ruwan da ke fita daga cikinsa hanya, sannan a ci gaba da sa masa ido shekara da shekaru. Mutane da yawa suna ɗauka da an daina ganin tifa na shiga, an bi wurin da katafila an baje, to magana ta ƙare, alhali sharar da ke ƙasa tana nan tana ruɓewa, kuma a dokar Amurka lokacin kulawar da aka ɗora wa mai juji bayan rufewa shekara 30 ne, a ta Tarayyar Turai kuma aƙalla shekara 30.

Abin da ke faruwa a cikin jujin da aka rufe

Abu uku ne ke damun injiniyoyi. Na farko gas. Ragowar abinci da kashin dabbobi da takarda da tsumma idan suka ruɓe inda iska ba ta shiga suna fitar da gas wanda kusan rabinsa metan ne, wato iska mai kamawa da wuta, sauran kuma kabon dayoksaid da ɗan abin da ke sa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Shi metan ba shi da wari ba shi da launi, kuma idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki to ashana ɗaya ko tartsatsin soket ya isa ya tashi wurin. Ba sama kawai yake fita ba, yana bin tsagar ƙasa da kwalbati da ramin bututun famfo ya shiga gidan da ke nesa da jujin. Ta fuskar ɗumamar yanayi kuma ana lissafa cewa ƙarfinsa ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28 cikin shekara 100.

Na biyu ruwan juji, baƙin ruwan nan mai wari da ke tsatsowa idan ruwan sama ya ratsa shara, yana ɗauke da amoniya da gishiri da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyum daga tsofaffin batura da fenti da kayan lantarki, kuma in ba a tare shi ba rijiya zai nufa. Na uku zaman ƙasa: tarin yana lotsawa a hankali yayin da sharar ke ruɓewa, kuma ba daidai yake lotsawa ba, nan ya nutse can ya tsaya, shi ya sa gini a kai yake tsagewa.

Tarihi

Binne shara da ƙasa kullum bayan an zuba, maimakon a bar ta a fili, ana cewa a Ingila aka fara shi wajen shekarun 1920, ko kafin nan kaɗan. A Amurka kuwa jujin garin Fresno na jihar Kalifoniya da aka buɗe a 1937 shi ake yawan kira na farko na zamani, ana haƙa rami mai tsawo a zuba a danne a rufe. An rufe shi a 1987, bayan shekara biyu ya shiga jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, sai kuma a 2001 aka ayyana shi wurin tarihi na ƙasa, abin da ya jawo surutu sosai a lokacin.

Amma abin da ya tilasta aka fara tunanin bayan rufewa shi ne Love Canal a garin Niagara Falls na jihar New York. Kamfanin Hooker Chemical ya binne sharar sinadarai kimanin tan 21,000 a wani tsohon magudanar ruwa da aka haƙa ba a ƙarasa ba, daga 1942 zuwa 1953, ya rufe da yumɓu, sannan ya sayar wa hukumar makarantun garin filin a kan dala ɗaya tak, da gargaɗi a rubuce cikin takardar cinikin cewa akwai sinadarai a ƙasa. Duk da haka aka gina firamare a wurin, gidaje suka kewaye, masu aikin titi da magudana suka fasa yumɓun, da aka yi shekarun ruwa da dusar ƙanƙara mai yawa sai ga sinadarai suna ɓullowa a tsakar gida da ɗakunan ƙasa. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, kuma daga nan ne aka samu dokar 1980 da ta kafa asusun share gurɓatattun wurare da tilasta wa wanda ya gurɓata ya biya. Dokar Amurka ta jujin sharar gari ta 1991 ita ta kawo sharaɗin shekara 30, Turai ta biyo baya da tata a 1999.

Hatsarin gas shi ma yana da nasa tarihin. A Maris 1986 wani gida ya tarwatse a ƙauyen Loscoe na Ingila, mutum uku da ke ciki suka ji rauni, bincike ya nuna gas ne daga tsohon juji na kusa ya bi ƙarƙashin ƙasa ya taru a gidan a daidai lokacin da nauyin iska ya faɗi ƙasa sosai. A Afrilu 1993 jujin Umraniye na Istanbul ya fashe ya zaftare kan gidajen talakawa, mutum 39 suka rasu. Jujin Payatas a Filifin ya zaftare a Yuli 2000, sama da mutum 200 suka rasu. A Afirka akwai Koshe na Addis Ababa a Maris 2017 inda sama da mutum 100 suka rasu, sai Hulene na Maputo a 2018, sai Kiteezi na Kampala a Agusta 2024. Kusan duka labarin ɗaya ne, juji ya wuce lokacin rufewa, tsayi ya yi yawa, gangare ya yi tsaye, ruwa ya cika ciki, kuma masu ƙaramin ƙarfi sun yi gida a gindinsa.

Yadda ake rufewa

Ana farawa da kashe wutar da ke ci a ƙarƙashi, wadda kan yi watanni tana hayaƙi, da ƙasa ake danne ta don ruwa kaɗai ba ya isa. Daga nan a sassaƙe gefen tarin ya zama gangare mai sauƙi, yawanci in an hau mita 1 a yi mita 3 a kwance, a yi matakala a tsakani in tarin na da tsawo, saman kuma a ba shi ɗan doro don kada ruwa ya kwanta.

Sai murfi. Mafi ƙarancin abin da dokar Amurka ta yarda da shi shi ne ƙasa mai hana ruwa wucewa kaurin inci 18, kusan santimita 45, a samanta a ɗora inci 6 na ƙasar da ciyawa za ta iya fita. Inda akwai kuɗi ana shimfiɗa roba mai kauri a kan yumɓun a haɗe bakinta da injin zafi, a ɗora yashi ko tsakuwa da zai janye ruwa gefe. A ƙarƙashin murfin ake kafa bututu masu huji-huji a cikin tsakuwa don gas ya samu mafita, ko a bar shi ya fita sama, ko a ƙone shi a bakin dogon bututu, ko in yana da yawa a tura shi janareta ya ba da wuta. Ruwan juji kuma a tara shi a tafki mai shimfiɗar roba a tace ko a bar rana ta ƙafar da shi.

Akwai hanyar Fukuoka ta Japan, wadda jami'ar Fukuoka da hukumar birnin suka ƙirƙiro aka fara aiki da ita wajen 1975. Dabarar ita ce a sa manyan bututu masu huji a kwance da a tsaye a bar bakinsu a buɗe, zafin ruɓewar shara ya riƙa jawo iska daga waje, sai shara ta ruɓe da sauri, metan ya ragu, ruwan ma ya rage ƙarfi. Ba ta buƙatar lantarki, kuma ana iya haɗa ta da tsofaffin durom da taya da gora da ɓaraguzan gini, da ita aka gyara wani ɓangare na Koshe bayan zaftarewar 2017 da taimakon Japan da UN-Habitat, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a.

Sa ido

Ana haƙa rijiyoyin gwaji ta saman inda ruwan ƙasa ke tahowa da ta ƙasan inda yake tafiya a riƙa ɗiba ana aunawa, a riƙa auna gas a iyakar fili, a cike inda ya lotsa, a gyara katanga. Aiki ne marar armashi kuma nan ake yawan sakewa in kuɗi ya ƙare, shi ya sa dokar Turai ta ce kuɗin da ake karɓa na zuba shara tun juji na aiki dole ya ƙunshi na rufewa da na kulawa.

Abin da ake yi da filin

Lambun shaƙatawa, filin ƙwallo, wurin kafa farantan sola, waɗannan su suka fi dacewa don ba su da nauyi kuma ba rufaffen ɗaki. Fresh Kills na New York da aka buɗe a 1948 aka rufe a 2001, mai faɗin eka 2,200, ana mai da shi lambu kashi-kashi kuma har yanzu ba a gama ba. Nanjido na Seoul ya karɓi shara daga 1978 zuwa 1993, ya zama lambu lokacin gasar kofin duniya ta 2002. Wanda ya fi kusa da mu a kamanni shi ne lambun Azhar na Alƙahira, tsohon tudun shara da ɓaraguzai ne da aka shafe kusan shekara 500 ana zubawa a gefen tsohon birni, gidauniyar Aga Khan ta kwashe ta gyara kadada 30, aka buɗe a hukumance a 2005, wasu na cewa an fara shiga tun 2004, kuma a wajen haƙa ne aka tono ganuwar zamanin Ayyubawa da shara ta binne. Sai dai shi wannan tsohuwar shara ce da ta gama ruɓewa tuntuni, gishirin ƙasa ne ya fi ba su wahala.

A Najeriya

Dokokin muhalli na ƙasar nan sun samo asali ne daga sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, a shekarar aka kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya ta wancan lokacin, aka kuma yi dokar hana shigo da shara mai cutarwa, dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta zo a 1992, hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli a 2007, ƙa'idojinta na tsafta da shara a 2009. Kwasar shara da kula da juji kuwa aikin jihohi ne da ƙananan hukumomi. Jujin da aka fi sani shi ne Olusosun na Legas da aka buɗe wajen 1992, ya yi babbar gobara a Maris 2018, kuma an sha sanar da shirin rufe shi.

A Sakkwato

A nan galibi ba tudun shara ba ne matsalar, rami ne. Tsohon kududdufi da aka ɗebi ƙasar gini, ko ramin da aka haƙi marmara don aikin titi, shi ke zama bola, babu shimfiɗa a ƙasa babu komai, ana zuba toka da kashin awaki da ledar fiya wata da batir da sharar kemis duk wuri guda, 'yan jari bola su tsince ƙarfe da roba, manoma su ɗebi wanda ya ruɓe su kai gona a matsayin taki, saura a cinna masa wuta. Ranar da ramin ya cika ya yi daidai da titi sai tumfafiya ta fito a kai, bayan 'yan shekaru gari ya iso wurin, a yanka fuloti a sayar, wanda ya saya ya zo haƙa harsashi ya tarar da baƙar ƙasa da leda, daga baya a ga katanga ta tsage daga sama har ƙasa, ko a haƙa rijiya ruwa ya fito da wari. Abin da ya fi komai arha a nan shi ne hukumar filaye ta sa irin wannan wuri a taswira ta hana raba shi don gidan kwana, tun kafin a zo maganar bututu da roba.

Yanayin garin yana taimakawa ta wani gefen yana cutarwa ta wani. Ruwan sama bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, don haka ruwan juji bai kai na Legas yawa ba, amma sauka yake da ƙarfi lokaci guda ya yanke gangaren da ba ciyawa. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 da iskar hunturu kuma suna busar da yumɓu ya dare, murfin yumɓu zalla da ke aiki a Turai a nan rani ɗaya zai iya tsaga shi in ba a binne shi da kyau ba. Abin da ake amfani da shi a busassun wurare shi ne murfin ƙasa mai kauri, mita ɗaya ko fiye, da ke shanye ruwan damina ya riƙe, rana da ciyawa su mayar da shi sama. Ciyawa irin gamba da kirikiri sun fi dacewa a saman, darbejiya da bagaruwa a gefe can bayan iyaka don saiwarsu na huda murfi. Katanga ma dole ce saboda dabbobin da ke yawo suna kiwo su cinye ciyawar su haɗa da leda, mahauta sun san dunƙulen ledar da ake cirowa a tumbi. Jujin da ke kusa da fadamar Rima ko gulbin Sakkwato shi ya fi buƙatar gaggawa, don ruwan ƙasa a nan kusa yake kuma da shi ake ban ruwan albasa da kayan miya.

Saɓani

Wasu masana na ganin shekara 30 ta yi kaɗan, musamman inda murfi ya hana ruwa shiga shara ta bushe ba ta ruɓe ba. Wasu na ganin a tone tsohon juji a tace a kwashe ya fi, wasu na cewa tsada da ƙura da gas ɗin da za a saki sun fi amfanin. Kan girman illar zama kusa da rufaffen juji ga lafiya ma sakamakon bincike bai zo ɗaya ba.