Waiwaye: Gardamar Littattafan Matasa, Daga Zariya Zuwa Wayar Hannu

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce wata maƙwabciyarmu a Tudun Wada ta yi sallama gidana, riƙe da wayar 'yarta mai shekara goma sha biyar. "Malam, don Allah duba min abin da yarinyar nan take kwana a kai," in ji ta. Labarin Hausa ne da ake turowa shafi-shafi a wani zauren WhatsApp. Na karanta shafi biyu na miƙa mata wayar, domin zancen ɗakin ma'aurata ne aka baje shi ba sakayawa. Ta ce a zamaninsu ba haka littattafai suke ba. Da na tambaye ta abin da ta karanta tana budurwa, sai ta lissafo min littattafan soyayya na Kano, waɗanda na san iyayenmu sun sha ƙwacewa suna cusawa a murhu.

Wannan gardama kan abin da matasa ke karantawa ta girme ni da ita, kuma babban kasonta a jihar nan ta Kaduna aka yi shi.

Ƙagaggen labari na boko a Zariya aka yanke masa cibi. A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin da ake yawan mantawa shi ne, don 'yan makaranta aka nemi littattafan, saboda an koya wa yara karatun boko ba su da abin karantawa. Ke nan matashi ne mai karatun farko da marubucin Hausa ya sa a gaba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna yadda manyan lokacin suka ɗauki labari: a littafi na ɗaya aku ne ke ta zuba wa ɗan sarki Musa labarai dare bayan dare, don ya tsare shi kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Babba ne ke riƙe yaro da zaƙin baki, kuma kusan kowane labari da karin maganarsa a ka. A wannan turba aka raini kunnuwanmu, shi ya sa har gobe Bahaushe in ya gama littafi tambayarsa ta farko ita ce, "To mene ne darasin?"

Amma ko a wancan zubin na farko akwai zancen zuciya. Jiki Magayi labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa, da irin ɗaukar fansar da ta biyo baya. Wanda ke cewa soyayya baƙuwa ce a adabinmu bai waiwaya da kyau ba.

Bayan Kamfanin Gaskiya da hukumar adabin Arewa ta NORLA, sai kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya ya karɓi ragamar ɗab'in Hausa daga 1966. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Bahaushe ya yi tafiya sararin samaniya. Ina jin takaicin yadda ba a bi wannan sawu da yawa ba, don littafi ne da yaro yake jarumi, ba mai sauraro kawai ba.

Abubuwa suka juya a shekarun 1970 zuwa 1980. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, bayan shekara goma kuwa waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata masu iya karatu. Waɗanda Ingilishinsu ya nuna suka rungumi jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da ya fara a 1977, suna ba juna aro a ɗakunan kwanan makaranta har bango ya yage. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, Hausa suke nema. Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, labarin budurwa Bafulatana da ta tsaya kan wanda take so. Daga nan tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan manhaja kaɗai. Matasa suka ɗauki alƙalami da kansu, suka kai wa ƙananan maɗaba'u, 'yan kasuwar Kano suka rarraba. A nan Kaduna ana samunsu a babbar kasuwa da Kasuwar Bacci da tashoshin mota, kuma a unguwanni akwai masu ba da haya, ki karanta yau ki mayar gobe.

A shafukan jaridun Kaduna aka fi gwabza muhawarar. Tun farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya riƙa sukar wannan rubutu a jaridar Nasiha, shi ne kuma ya raɗa masa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica. A ƙarshen shekarun, shafin adabi da Ibrahim Sheme ke kula da shi a New Nigerian ta ƙarshen mako ya zama dandalin fafatawa, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare marubutan. Masu suka sun ce kwaikwayon fina-finan Indiya ne, ba ƙa'idar rubutu, ba zurfin tunani, kuma yana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Masu karewa suka ce waɗannan littattafai sun sa matan da aka cire daga makaranta sun riƙe karatunsu, wasu ma don su suka shiga yaƙi da jahilci, sannan sun taɓo abin da ake jin nauyin faɗa. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, shi ne misalin da ake yawan kawowa: yarinya aka cire daga aji aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma karatu. Marubuciyar kanta tana ƙarama aka yi mata aure, don haka ba jita-jita take rubutawa ba.

Na daɗe ina bitar wannan muhawara, kuma ina ganin kowane ɓangare da gaskiyarsa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, manya ne ke magana da manya a kan yarinyar da ba a taɓa tambayarta me take nema a cikin littafin ba. Kuma an tsallake wani babban giɓi. Littattafan nan yawancinsu ba don 'yar shekara sha huɗu aka rubuta su ba. Zancen kishiya ne, da uwar miji, da saki, da rabon kwana. Yaro Bahaushe yana gama tatsuniya da Magana Jari Ce sai ya tsinci kansa a tsakar gidan masu aure, babu matakala a tsakani. A ƙasashen da harkar ɗab'i ta zauna, akwai kanta guda ta masu shekara goma sha biyu zuwa sha takwas, da editocinta da gasanninta. Mu ba mu gina wannan kanta ba, sai muka yi ta faɗa a kan ko a bar yara su shiga ta manya ko a hana su.

A 2007 masu ra'ayin hani suka yi rinjaye a Kano. Gwamnatin Ibrahim Shekarau, ta hannun hukumar A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, sannan hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta matsa wa marubuta su yi rajista. 'Yan fim da dama a lokacin Kaduna suka dawo da aikinsu. Wuta dai ba ta kashe ƙishirwar karatu ba. Cikin 'yan shekaru labarin ya koma Facebook, Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda ake ba da shafukan farko kyauta, a ce sauran sai an tura kuɗi ta banki. Littafin wancan zamani, ko mene ne aibinsa, yana da sunan marubuci da adireshinsa a bango, ana sayar da shi a fili, uwa na iya ɗaga katifa ta gan shi. Na yanzu sau da yawa sunan aro ne, ba edita, kuma kalaman batsa ne ke jawo masu biya. Akwai marubutan intanet masu mutunci da ƙwarewa, da yawa ma, su kansu suna kuka da wannan gurɓata.

A gefe guda kuma hukumar JAMB ta riƙa wajabta wa masu neman jami'a karanta labari guda, kamar Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, inda uba ke tattaunawa da 'yarsa kan balaga da rayuwa, da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda ya gudana a Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibaina sun karanta su, amma karatun jarrabawa, ana haddace sunaye. Wata ta ce min, "Malam, tun shafin farko na san nasiha za a yi min." Matashi yana jin ƙanshin wa'azi daga nesa, in ya ji kuwa sai ya rufe kunne.

Ni abin da ya fi damuna a labaran waya ya wuce batsa, don batsa kowa na ganinta ya yi tir. Akwai wani saƙo da ke shiga a hankali. Jarumin kusan kullum ɗan mai kuɗi ne, miskili, ya yi karatu a waje. Jarumar talaka ce, fara, kyakkyawa. Zai wulaƙanta ta, ya mare ta, wani lokaci ya keta mata haddi, a ƙarshe ta mutu a kan sonsa, labari ya rufe da gida mai bene da tafiya Dubai. Marubuciya za ta rubuta a shafin ƙarshe cewa darasin shi ne haƙuri. Amma yarinya ba daga shafin ƙarshe take ɗaukar darasi ba, tana lura da wanda labarin ya saka wa da alheri. In ta karanta irin wannan sau hamsin kafin ta gama sakandare, me za ta ɗauka so yake nufi ranar da saurayi ya daka mata tsawa?

Ga kuma rayuwar ɗan Kaduna da ke jiran mai rubutawa. Yaron Rigasa da abokansa ke ja zuwa shaye-shaye da ƙwacen waya. Yarinyar da ke talla da safe, Islamiyya da yamma, tana son zama likita. Waɗanda aka haifa bayan rikicin 2000 suka tashi a garin da kogi ya raba, wasu ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ɗaliban Kuriga da aka sace daga makaranta a 2024, da tsoron da ya bi sauran yara zuwa aji. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta nuna akwai mata masu alƙalamin da zai iya ɗaukar irin wannan nauyi. Bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a 2017, da na littattafan Hausa na HIBAF da ya biyo baya, sun tara marubuta a garin nan. Abin da nake fatan gani daga waɗannan tarurruka shi ne gasa da jerin littattafai na Hausa da aka ware wa masu shekarun sakandare, a kuma zaunar da su kansu cikin masu tantancewa.

Maƙwabciyata ta ce za ta karɓe wayar. Na ce da ita, "Hajiya, ki karɓe, amma kada ki bar hannunta wayam." Na ba yarinyar tsohon kwafina na Tauraruwa Mai Wutsiya. Bayan kwana uku ta dawo da shi, ta gaishe ni, ta ce ya yi daɗi, sai dai tana son wani wanda mace ce a ciki, sa'arta, 'yar makaranta, a gari irin namu. Na tashi na duba kantar littattafaina tun daga sama har ƙasa, na ce mata ta ba ni mako guda in cigita wajen abokai a Zariya.