Kujerar dama: yadda aka kai ga barin matuƙi ɗaya a ƙananan jiragen jet

Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a filin Garwa, ko a na Hassan Djamous da ke Njamena, ya ga irinsu: ƙananan jiragen jet masu kujera shida zuwa takwas, waɗanda ke sauke attajiri ko manyan ma'aikatan kamfani, ko su zo ɗaukar majinyacin da za a fitar waje. Abin da mai kallo daga nesa ba zai gane ba shi ne, da yawa daga cikin irin waɗannan jirage an ƙera su, an kuma ba su takardar izini, ta yadda mutum ɗaya tak zai iya tuƙa su. Kujerar dama, wadda aka saba gani da mataimakin matuƙi, tana iya zama babu kowa, ko ma fasinja ya zauna a kai. Kusan shekara hamsin ke nan ana jayayya kan ko wannan daidai ne.

Da can ɗakin matuƙa cike yake da mutane. Manyan jiragen da ke ƙetare teku bayan yaƙin duniya na biyu suna ɗaukar mutum biyar a gaba: matuƙa biyu, injiniya mai kula da injuna da mai, mai duba hanya da taswira da taurari, sai mai rediyo. Na'urori suka riƙa cinye aikinsu ɗaya bayan ɗaya. Mai rediyo ya fara tafiya, mai duba hanya ya bi shi. Kan injiniya aka fi kai ruwa rana, har sai da shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa kwamiti a 1981, wanda ya ce mutum biyu sun isa a sababbin jirage irin su Boeing 757 da 767. A nan manyan jiragen fasinja suka tsaya har yau.

Ƙananan jet ɗin kuwa ba su tsaya ba. Learjet 23, wanda ya fara tashi a 1963, da matuƙa biyu ake tuƙa shi, haka ma Cessna Citation na farko da ya samu izini a 1971. Amma a dokar Amurka akwai wata iyaka ta nauyi, fam 12,500, wato kimanin kilo 5,700, wadda ke raba ƙaramin jirgi da babba. A 1977 kamfanin Cessna ya fito da Citation I/SP, wanda nauyinsa bai kai iyakar ba, aka ba shi izini a rukunin ƙananan jirage, kuma haruffa biyun ƙarshe na sunansa suna nufin matuƙi ɗaya ne. Jirgin kusan ɗaya yake da yayansa mai matuƙa biyu. Abin da ya sauya shi ne rukunin da aka ajiye shi a takarda da 'yan gyare-gyare a ɗakin matuƙa. Ina ganin wannan ya kamata a riƙa tunawa, domin tun ran gini lissafin kasuwa yana cikin maganar: mai kuɗin da ya iya tuƙi yana son ya tashi lokacin da ya ga dama, ba tare da biyan albashi da ɗakin otal na mutum na biyu ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. CitationJet ya zo a farkon shekarun 1990, Eclipse 500 da Citation Mustang a 2006, Phenom 100 na kamfanin Embraer na Brazil a 2008, HondaJet a 2015, sai Cirrus Vision mai inji ɗaya da lemar da ke sauko da jirgin gaba ɗaya idan an shiga haɗari, a 2016. Pilatus PC-24 na Suwizalan, wanda ya samu izini a 2017, shi ne ya fi shafarmu, don yana iya sauka a filin da ba kwalta, kuma shi ma mutum ɗaya na iya tuƙa shi. Dokoki dai sun bambanta. A Turai, idan jet zai ɗauki fasinjan da ya biya kuɗi da dare ko cikin gajimare, dole matuƙa biyu. Amurka ta fi sassauci: tana yarda na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta maye gurbin mataimaki a wasu jiragen haya da kujerun fasinjansu ba su kai goma ba.

Haɗurra biyu ne suka fi koya mini yadda maganar take, kuma ɗaya a ƙasarmu Kamaru ya faru.

A daren 29 ga Disamba 2016, wani ɗan kasuwa ya tashi da Citation CJ4 daga birnin Cleveland a Amurka, shi kaɗai ne matuƙi, da matarsa da 'ya'yansa biyu da maƙwabta biyu a cikin jirgin. Makonni kaɗan ke nan da samun lasisin wannan samfurin, kuma ya yi kusan awa 17 bai runtsa ba. Filin a bakin tafkin Erie yake, saboda haka yana tashi ya shiga duhun da ba sama ba ƙasa. Masu bincike sun gano cewa ya ɗauka na'urar tuƙa kai ta kama aiki, alhali ba ta kama ba. Jirgin ya karkata dama, ya ci gaba da karkata, jikin matuƙin na gaya masa wani abu dabam da abin da allon gabansa ke nunawa. Cikin minti ɗaya da ɗoriya suka faɗa ruwa, babu wanda ya tsira. Da akwai wani matuƙi a kujerar dama, aikinsa na farko ke nan: ya dubi allo ya ce na'urar ba ta kama ba.

To amma mu koma Duwala, daren 5 ga Mayu 2007. Boeing 737 na Kenya Airways ya jira hadari ya lafa, ya tashi bayan tsakar dare da mutum 114. Matuƙa biyu ne a gaba, kyaftin mai shekara 52 da mataimaki mai shekara 23. Kyaftin ya ba da umarnin a kunna na'urar tuƙa kai, ba ta kama ba, kuma babu wanda ya tabbatar. Jirgin ya yi ta karkata dama a hankali cikin duhu. Sa'ad da ƙararrawa ta yi kuka, kyaftin ya ruɗe, ya ƙara karkatar da shi. Suka faɗa fadamar Mbanga Pongo, kilomita kaɗan daga filin. Rahoton da hukumar jiragen sama ta Kamaru ta fitar a 2010 ya ambaci ruɗewar matuƙi da rashin haɗin kai tsakanin mutanen biyu. Duhu iri ɗaya, kuskure iri ɗaya da na tafkin Erie, sai dai a nan kujerar dama da mutum a kanta.

Masana sun daɗe da sanin wannan ciwo. Bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka rasu, da jirgin kamfanin United da mai ya ƙare masa a kusa da birnin Portland na Amurka a 1978 kyaftin na can yana fama da matsalar tayoyi, hukumar NASA ta kira taro a 1979. Daga nan aka fara horar da matuƙa kan yadda za su raba aiki: ɗaya na tuƙi, ɗaya na sa ido yana karanta jerin abubuwan dubawa da babbar murya, kuma ƙarami yana da haƙƙin gyara babba, har ya karɓe tuƙi idan ta kama. Na taɓa yi wa kawuna wannan bayani, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tirela tsakanin Ngaundere da Kusiri. Ya ce, "Ɗana, ai mu mun riga su sani. Yaron motar da ba zai iya ce mini 'maigida, kana gyangyaɗi' ba, buhu na ɗauko." Maganar ta zauna mini, domin mu mutane ne da aka rena kan kada yaro ya katse babba. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ɗakin matuƙa tana iya kashe mutane.

Akwai kuma fargabar da fasinja ya fi ji a ransa: idan matuƙin ya suma fa? A ranar 4 ga Yuni 2023 wani Citation mai matuƙi ɗaya ya daina amsa rediyo, ya ratsa samaniyar Washington, jiragen yaƙi suka bi shi suka hango matuƙin a kife, har ya faɗi a tsaunukan Virginia da mutum huɗu. Binciken ya danganta abin da zubewar matsin iskar cikin jirgi. Sai dai irin wannan ya taɓa cin matuƙa biyu a lokaci guda, a Learjet ɗin da ya ɗauko ɗan wasan golf Payne Stewart a Oktoban 1999. A tsayin ƙafa 40,000, idan iska ta zube, daƙiƙa 15 zuwa 20 ne mutum ke da su kafin hankalinsa ya gushe. Mataimaki yana maganin bugun zuciya ko shanyewar jiki da zai sami kyaftin, amma iskar da suke shaƙa ɗaya ce. A wannan fanni na'ura ta yi rawar gani: tun 2020 wasu ƙananan jirage, ciki har da Cirrus Vision, suna da tsarin kamfanin Garmin wanda fasinja zai danna maɓalli, jirgin ya zaɓi fili, ya sanar da hasumiyar da ke kula da saukar jirage, ya sauka da kansa. Na'urar dai ba za ta ce wa gajiyayyen mutum ya kwana ya tashi da safe ba.

Masu kawo alƙaluma daga ɓangarorin biyu sukan manta da abu guda. Jet mai matuƙi ɗaya sau da yawa mai shi ne ke tuƙawa, mutumin da ya wuni a taron kasuwanci, babu shugaban da zai hana shi tashi. Mai matuƙa biyu kuwa galibi ƙwararru ne masu iyakar awannin aiki da jarrabawa a kai a kai. Idan aka kwatanta haɗurransu, ba yawan kujeru kaɗai ake aunawa ba. Kamfanonin inshora sun gane haka, shi ya sa sukan tilasta wa sabon mai jet ya yi awanni da gogaggen matuƙi a gefensa kafin su yarda ya tashi shi kaɗai.

A 'yan shekarun nan masu ƙera jirage, irin su Airbus da Dassault, sun nemi a bar matuƙi ɗaya a gaba yayin da babban jirgi ya daidaita a sama, ɗayan ya je ya huta. Ƙungiyoyin matuƙa suka yi ca a kai. A Fabrairun 2024 mataimakin wani jirgin Lufthansa mai zuwa Sifen ya suma kyaftin yana banɗaki, jirgin ya yi kusan minti goma babu mai lura da shi. A 2025 binciken da hukumar kula da amincin jirage ta Turai ta sa aka yi ya ce, da tsarin ɗakin matuƙa na yanzu, ba za a iya nuna cewa mutum ɗaya zai kai amincin biyu ba.

Mu a nan mun san jiragen matuƙi ɗaya, kuma muna cin moriyarsu. Ƙungiyar MAF, ta mishan mai aikin agaji da jirage, ta yi shekaru da dama tana kai likitoci da magani ƙauyukan Chadi da ƙananan Cessna masu farfela, galibi da rana, a ƙasa-ƙasa, da saurin da bai kai rabin na jet ba. Jet yana cin kusan kilomita 12 a minti ɗaya. An tsara izinin matuƙi ɗaya ne a ƙasar da filayen sauka ke kusa da juna, na'urar rada mai hango jirage a sama ta rufe kusan ko'ina. Mu kuwa hazon hunturu kan rufe Garwa da Marwa har a rasa ganin ƙarshen titin jirgi, zafin Afrilu da ya haura digiri 40 yana rage ƙarfin inji a lokacin tashi, hadarin damina kuma yana tasowa kamar bango. Daga Njamena zuwa Faya kusan kilomita 800 ne, yawancinsa hamada. A irin wannan hanya mutum ɗaya ne zai tuƙa, ya yi magana da ma'aikatan ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyarmu, a rediyo, ya lissafa mai, ya yanke shawarar juyawa idan fili ya rufe.

Saboda haka ni dai, idan za a ɗauki mahaifiyata daga Garwa da dare zuwa asibiti a Yawunde, zan tambayi mai jirgin tun kafin a yi maganar kuɗi: mutum nawa ne a gaba, na biyun yana da lasisin wannan samfurin ko rakiya kawai ya yi, kuma tun ƙarfe nawa suka tashi daga barci.